Kilo Ashirin na Uwar Ladi

A Makarfi in ka ce kana neman Matta, sai a tambaye ka wace Mattar. Amma in ka ce Uwar Ladi, ko mai rake na bakin tasha zai ɗaga karan da ke hannunsa ya nuna maka gidan: bayan makarantar sakandare, mai bishiyar mangwaro, jikin gidan Hajo mai ƙuli-ƙuli. Abin da baƙo ba ya sani shi ne, Ladin da ake kiran ta da ita ba ita ta haife ta ba, ba ma 'yar ƙasar nan ba ce.

An haifi Matta a wani ƙauyen Hausawa Kirista can wajen Furana, kuma tun da ta iya tsayuwa da ƙafafunta ba a taɓa ganin ta hannu rabbana ba. In babu goyon ƙane a bayanta, akwai tulu a kanta, in babu tulu akwai itace. Da ta isa aure, Elias leburan hanya ya ɗauko ta ya kawo ta Makarfi. Ta haihu sau biyu, duka ba su zauna ba. Shi ma Elias wata damina zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Danginta suka ce ta komo gida, ta ce to, amma ba ta koma ba. Wannan ne kaɗai karon da aka san ta ce to ba ta aikata ba.

Zamanin ne kuɗin mai ya yi wa gwamnati yawa har ta rasa inda za ta kai shi, sai ta shiga ɗebo malaman makaranta daga ko'ina, Indiya, Masar, Filifin. Makarantar Makarfi ta samu nata rabon, wani ɗan guntun mutum mai yawan murmushi, Malam Dizon mai koyar da lissafi, da matarsa da tsohon ciki. Suka nemi mai taya su aikin gida, aka kawo musu Matta. Ranar wata Lahadi matar ta haifi mace, suka sa mata Angelina. Matta ta gwada sunan a bakinta, ta ji ya yi wa jaririya nauyi, ta ce Ladi. Iyayen suka yi ta fama da Angelinarsu, gari duka ya bi Matta.

A bayan Matta yarinyar ta girma. Ba ta cin shinkafar uwarta sai tuwon dawa da miyar kuka, ta iya ɓare rake da haƙori, kuma in faɗa ya haɗa ta da yaran unguwa takan yi zagin da malamin Hausa na makarantar sai ya je ya tambayi ma'anarsa. Sai soja suka dawo, suka ce an yi almubazzaranci, kowa ya tsuke bakin aljihunsa. Talakan Makarfi ya laluba ya ga shi ko aljihun ba shi da shi balle bakinsa, amma ya tsuke abin da ya samu. Aka shiga layin sabulu da na madara, soja na tsaye da bulala yana koya wa masu jin yunwa ladabi. Naira ta faɗi ƙasa warwas, albashin baƙin malamai ya koma na shan rake, suka fara haɗa kayansu ɗaya bayan ɗaya. Ranar da su Malam Dizon za su tafi, Ladi, wadda ta riga ta fara zama budurwa, ta riƙe zanin Matta a tasha har sai da aka ɓamɓare yatsunta. Matta ba ta yi kuka a wurin ba, domin akwatinsu yana bisa kanta. Ta yi kukanta daga baya ita kaɗai, kuma ta daɗe tana yi.

Bayan tafiyarsu ta koma tuyar ƙosai a ƙofar makaranta, gari kuwa ya mayar da ita gidan waya. Kowa ya san al'adar: wanda zai yi tafiya ba ya tafiya shi kaɗai, sai da saƙon mutane, kuma ba a cewa a'a, domin gobe kai ne mai aike. To amma ita Matta nata ya wuce misali. In ta ce za ta asibiti Zariya, kafin ta ɗaura ɗankwali an tara mata kaji da ƙwarya da rediyon gyara. Ta taɓa kai wa wani tunkiya Hunkuyi alhali ita Ikara za ta. Ba ta taɓa ɓatar da ko allura ba, ba ta taɓa dawo da saƙo ba, kuma da wannan sunan take taƙama a ranta, tun da ba ta da gona ba ta da ɗa.

Shekaru suka tura. Wata rana wata nas 'yar Filifin da ta rage a Zariya ta zo har gida da ambulan na tikitin jirgi da kaset guda. Matta ba ta da rikoda, sai aka aro ta Hajo, kuma rikodar Hajo ba ta san magana a hankali ba. Kafin kaset ya yi nisa tsakar gida ta cika.

"Inna, ni ce Ladi," in ji muryar, da Hausar Makarfi tsaf, ko gargada babu. "Na gama karatu, na kama aikin asibiti. Ina so ki zo. Ba biki ba ne, ba rasuwa aka yi ba, hutu kawai. Ƙasarmu tsibirai ce, za mu hau jirgin ruwa daga wannan mu je wancan, ki zauna bakin teku ki miƙe ƙafafunki, a dafa a kawo miki. Kada ki wahalar da kanki da kaya. Akwati ɗaya jirgin sama zai ɗaukar miki, kilo ashirin. Inna, na san halinki. Akwati ɗaya."

Matta ta rufe fuska da gefen mayafi. Ba ta taɓa son wani abu a duniya kamar yadda ta so ganin yarinyar nan a wannan lokacin ba.

Matan da suka taru kuwa wani abu ne ya dame su. Mero mai daddawa ta ce a mayar da kaset baya, wataƙila akwai abin da ya wuce su. Aka mayar. Har yanzu dai ba biki, ba rasuwa.

"To jinya ce, ake ɓoye mata," in ji Mero.

"An ce hutu," in ji wata.

"Hutun me? Makaranta take yi?"

Aka kwana biyu ana juya maganar a gari. Wasu suka ce sarin kaya za ta, wasu suka ce raino za a sake ba ta, limamin cocinsu kuma ya sanar ranar Lahadi cewa 'yar'uwa Matta za ta ƙetare teku da bishara, ikilisiya ta amsa da amin mai ƙarfi. A ce mutum ya tashi takanas ya tafi ƙarshen duniya don ya miƙe ƙafa, alhali ga tabarma a gida, wannan bai shiga kan kowa ba. Gaskiyar magana ita kanta Matta bai gama shiga nata ba. Ta gwada zama ƙarƙashin mangwaro ta miƙe ƙafa don ta ji yadda abin yake, sai ta tsinci hannunta yana ɓarar gyaɗa.

Ƙanenta Ilisha, malamin firamare a Kudan, shi ya ɗauki nauyin takardu. Ya yi ta zarya Kaduna, inda ake ce masa ya dawo gobe har goben ta gaji da shi, amma dai fasfo ya fito, da hoton Matta ta zaro ido kamar an kama ta da kayan sata. Shi ya sayo mata akwati shuɗi mai zif. Shi ne kuma ya matsa mata ta kai wa Sama'ila tela atamfa kala uku. Rabon Matta da sabon ɗinki wanda ba ankon zumuntar mata ba, ita ma ba za ta tuna ba. Da aka kawo ɗinkin ta rufe ƙofa ta gwada su ɗaya bayan ɗaya, ta dubi kanta a ɗan madubin da ke jikin bango, ta ji kunya, ta kuma ji daɗi. Ta ninke su ta shimfiɗa a ƙasan akwatin tare da sabon takalmi. A kansu ta jera abin da ta san Ladi ta yi kewa: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, gero na kunu, mazarƙwaila. Ilisha ya kai akwatin sikelin masu hatsi a kasuwa, ya dawo ya ce ya yi daidai, ko ƙwayar gero kada a ƙara.

Da a nan aka tsaya da an huta. Amma ba a tafiya mai nisa ba a yi sallama ba, sai Matta ta shiga gari gida-gida tana neman gafara, kamar yadda ya kamata. Kowane gida ta fita, kafin ta kai nata, yaro ya riga ta da ƙunshi.

Farko guzuri ne. Mutanen Makarfi suka yi lissafinsu: ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina, ina gona? In babu gona ina abinci? Ba shakka wannan ne ya sa 'yan Filifin duk ƙanana ne. Aka kawo damin rake, tiyar masara, busasshen tumatir, buhun barkono daga Hunkuyi. Matan zumunta suka haɗa mata fitilar ƙwai da tabarma da bargo, don ba su san irin sanyin teku ba. Ɗan'azumi direba, wanda zai kai ta filin jirgi Kano da a-kori-kurarsa, ya ji cewa babban ruwan da ta taɓa ƙetarewa shi ne Galma, shi ma da rani, sai ya kawo mata tsohon tif na tayar mota, ya ce ta riƙa sa shi a ƙugu duk lokacin da za ta hau jirgin ruwa.

Sannan saƙo ya biyo baya. A wurin mutanen garin duniya kashi biyu ce, akwai nan, akwai ƙasar waje, kuma ƙasar waje gari ɗaya ne mai unguwanni. Mero ta kawo daddawa cikin kwalla a kai wa 'yarta a Jidda. Bobbo na rugar bayan gari ya aiko da goran man shanu ga ɗan'uwansa da ya tafi Sudan tun kafin yaƙin basasa. Malam Sada hedimasta, mutum mai tabarau, ya kawo gwado a miƙa wa ɗansa mai karatu a Rasha. Matar kantoman ƙaramar hukuma ba ta ma zo da kanta ba, direba ta aiko da kwali biyu ɗaure da igiya da sunan yayanta a Landan, direban kuma ya ajiye ya juya bai jira amsa ba, domin a zamanin soja matar kantoma ba ta roƙo.

Matta ta ce wa kowa to. Ɗakinta ya cika har ta koma kwana a zaure. Akwati shuɗi ya ɓace can ƙarƙashin rake.

Ilisha ya zo ya gani, ransa ya ɓaci. Washegari ya dawo da taswirar duniya ta ajinsu naɗe a bayan keke, ya rataye ta a jikin mangwaro, ya tara mata, ya ɗauki tsinke kamar yana gaban 'yan aji huɗu.

"Ga mu nan. Ga Filifin can gabas, ƙarshen takarda. Ga Laberiya can yamma, inda ake yaƙi. Ga Landan sama. Ga Rasha. Ga Jidda. Ku duba tsakaninsu, don Allah."

Mero ta matso ta auna da hannu. "Malam, daga Jiddar zuwa can ai bai fi taƙi biyu ba."

"Taƙi biyun nan tafiyar wata da watanni ce, Mero."

"A ƙasa ba. Ita kuwa ta sama za ta. Ta dai yi wa direban magana tun da wuri, ya ɗan dakata ta miƙa."

Aka yi ta gyaɗa kai, aka ce Mero ta yi magana. Malam Sada da ya san taswira sarai ya gyara tabarau ya ce ai in an isa can ba a rasa mai zuwa Rasha. Ilisha ya naɗe duniyarsa ya ja yayarsa gefe.

"Yaya, ki gaya musu ba zai yiwu ba. Kalma ɗaya ce."

"Da wane bakin? Mero ce ta wanke ni lokacin da na yi ɓari. Ka bari mu je Kano, wataƙila masu jirgin suna da tausayi."

Ita dai ta gane taswirar. Ta ga inda tsinken ya nuna, ta kuma san ba tausayin da zai haɗa gabas da yamma. Amma a'a ba ta taɓa fita daga bakinta ba, kuma ba a koyon sabon yare da furfura a ka.

Ana gobe tafiya, da hantsi, Hajo ta shigo. Shekarun da suka yi katanga ɗaya tsakaninsu sun isa a ce 'yan'uwa ne. Hajo ke aiko mata da tuwon sallah, ita ke aika wa Hajo shinkafar Kirsimeti. Duk hidimar nan Hajo ba ta kawo komai ba, ba ta ce komai ba. Yanzu ga ta da babban gwangwani, irin na man gyaɗa, an ɗaure bakinsa da tsohon zani. Ta ajiye, ta zauna, suka gaisa kamar ba da safe suka rabu ba, ta tambayi gajiya, ta tambayi shiri. Sannan ta dubi ƙasa.

"Na ji an ce wajen da za ki bakin teku ne."

"Haka aka ce."

"Shi ma wancan yaron an ce bakin teku aka kai su."

Wancan yaron shi ne Musa, ɗanta na fari, wanda saboda kunyar ɗan fari ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa tambayar lafiyarsa a gaban mutane ba. Soja ne. Yana cikin waɗanda aka kwasa zuwa yaƙin Laberiya, kuma damina biyu ke nan babu wanda ya ji ɗuriyarsa. Rediyo kullum cewa take dakarunmu suna cikin ƙoshin lafiya. Amma ko a watan da ya wuce wata koriyar mota ta tsaya a wani gida a Kudan, aka sauke akwatin ƙarfe da takalma, aka juya. Tun daga ranar Hajo ta mayar da suyar ƙulinta ƙofar gida, inda take ganin duk motar da ta shigo layin.

"Ƙuli ne da ɗan dambun nama," in ji Hajo. "Ba wani abu ba ne. In kin gan shi. In ba ki gan shi ba, ki ba wani mai kaki, su sun san junansu."

Matta ta tuna tsinken Ilisha. Laberiya tana can hagu, ita kuwa dama za ta, har ƙarshen takarda. Ta buɗe baki, ta dubi hannuwan Hajo da mai ya ƙona, ta ce, "To. Allah ya sa a dace."

"Amin. Kada ki gaya wa mutane, su ce na damu da shi."

Da sassafe Ɗan'azumi ya iso da man da ya sayo a galan wajen 'yan bumburutu, domin gidajen mai sun daɗe da zama wurin shanya barkono. Aka yi lodi har motar ta durƙusa. Rabin gari ya rako su tasha, kowa yana ƙara wa Matta bayani a kan saƙonsa, Mero tana cewa gidan 'yarta yana kusa da wani masallaci, ba za ta ɓata ba. Hajo ba ta zo tasha ba, tana ƙofar gida gaban kaskonta.

A hanya sojojin shinge suka tsayar da su. Wani kofur ya zagaya motar, ya tambaya ko gudun hijira ake yi. Ilisha ya ce hutu za a. Kofur ya dube shi ya ga kamar raini ne, ya ce a sauke komai. Sai da damin rake ya rage rabi sannan aka gane cewa takardunsu sun cika. A shinge na gaba sauran raken ya tafi, na gaba kuma ya ci tiyar masara. Ilisha ya ce tun da soja suka karɓi mulki yau ne suka fara yi masa amfani.

A filin jirgi na Kano masu dako suka yi ta jido kaya suna tarawa gaban sikeli, har layin fasinja ya lanƙwasa ya kewaye tulin. Ma'aikaciyar da ke kan tebur ta leƙo, ta tambaya mutum nawa ne. Aka ce ɗaya. Ta duba tikiti, ta duba Matta.

"Mama, akwati ɗaya ne, kilo ashirin. Sai 'yar jakar da ke hannunki."

"'Yata, saƙon mutane ne. Wannan na Jidda ne, wannan na Landan."

"Jirgin nan ba ya zuwa ko ɗaya. Ki zaɓi guda ki ɗora, akwai mutane a bayanki."

Matta ta ja gefe ta zauna a kan kwalin matar kantoma. Ta dubi tulin, ba kaya take gani ba, fuskoki take gani. Ta ga Mero tana ba da labari a gidan suna. Ta ga kanta ta dawo gari an daina kawo mata ko wasiƙa. Abin da ta tara duk rayuwarta ke nan, a ce Uwar Ladi ba ta mayar da saƙo.

"Ilisha," ta ce a hankali, "mu koma gida. Ka yi mata kaset ka ce ban da lafiya."

Ilisha mutum ne mai yawan surutu, amma wannan karon gajeruwar magana ya yi. Ya tsuguna a gabanta. "Yaya, yarinyar nan za ta je filin jirgi ta tsaya. Kowa zai fito, ta yi ta leƙe, har a rufe ƙofa. Ke kin san yadda tsayuwar nan take."

Ta sani, tun ranar da aka bar ta tsaye a tasha aka tafi da Ladi. Aka yi kira a lasifika, layi ya fara gajarta. Matta ta miƙe, ta gyara ɗaurin zani, ta kira Ɗan'azumi.

"A mayar. Kwallar nan ta Mero ce. Goran na Bobbo. Gwadon na hedimasta, ka ce masa ya fi ni sanin hanyar Rasha. Kwalayen nan ka ajiye su a ƙofar kantoma ka juya, kada ka jira amsa. Tif ɗinka kuma na gode, in ruwan ya ci ni ya ci."

Ɗan'azumi ya washe baki, ya shiga kwasa. Tuli ya yi ta raguwa har akwati shuɗi ya bayyana, ya ɗan lotse amma lafiya lau. Ya miƙa hannu zai ɗauki gwangwanin Hajo, Matta ta dafe shi.

"Ban da wannan."

Ta kai wa ma'aikaciyar, ta ce za ta riƙe a hannu. Aka ce ya yi girma, sai dai cikin akwati. Ta ɗora akwatin da gwangwanin tare a sikeli, allura ta wuce. Ta sauke, ta durƙusa a tsakiyar filin jirgi gaban Larabawa da alhazai, ta zuge zif. Mai hankali zai rage gero ko mazarƙwaila. Amma waɗannan na Ladi ne, kuma Matta in za a rage wani abu a duniya nata take fara gani. Ta zura hannu can ƙasa ta zaro atamfofin nan uku, ko wanki ba su taɓa gani ba, ta zaro sabon takalmin, ta miƙa wa Ilisha. Ta cusa gwangwanin a gurbinsu, ta hau kan akwatin da gwiwa har zif ya rufe. Allura ta tsaya inda ake so.

Ilisha na tsaye rungume da ɗinkin Sama'ila tela. "Yaya, da kayan jikinki kaɗai za ki? Kuma na nuna miki, Laberiya yamma take. Jirgin nan gabas zai yi."

"Ka nuna mini, na gani."

"To wa za ki ba?"

"Ban sani ba. Amma ka san garinmu. In an aika wa mutum saƙo ya dawo a ɗaure yadda ya tafi, abu ɗaya ake nufi, mai shi ba ya duniya. Hajo tana ƙofar gida, Ilisha. Ita za ta fara hango motar Ɗan'azumi, kuma ta san zaninta."

Aka manna wa akwatin takarda, bel ya ja shi, suka bi shi da ido har ya shige bayan labulen roba. Matta ta karɓi fasfonta, ta rataya 'yar jakarta. Ta yi taku kaɗan, sai ta juyo.

"In ta tambaye ka, ka ce da idonka ka ga an shigar da shi. Kada ka ƙara komai a kai."

"In ba ta tambaya ba fa?"

"Ba za ta tambaya ba. Kai dai ka tsaya ka sayi ƙuli, ka faɗa kamar da wani kake."

Ta bi layin masu shiga, hannuwanta biyu suna lilo a gefenta, ta rasa inda za ta ajiye su.